Usta Hamisu Ya Murɗa Allunan Sola

Usta Hamisu mai gyaran rediyo a kasuwar Gadarif abubuwa biyu ya fi ƙauna a duniya: gashin bakinsa da maganar ilimi. Gashin bakin, wanda mutanen garin ke kira shanab, shekara talatin da ɗaya ke nan reza ba ta kusance shi ba. Kowace safiya sai ya shafa masa man riɗi, ya murɗe ɓangaren dama, ya murɗe na hagu, sannan ya fita. Ilimin kuwa shi ya ba kansa. A ƙofar shagonsa ya rubuta da jan fenti: BASHMUHANDIS HAMISU, wato babban injiniya. Duk rediyon da ya shiga shagon yakan fito yana magana, sai dai ba lallai ne ya ƙara kama tashar da mai shi ya saba ji ba.

Ranar Litinin Huda ta dawo. 'Yar ƙanwarsa ce, a hannunsa da na matarsa Zinariya ta tashi, ta tafi wata ƙasa mai sanyi ta yi shekara biyar, ta dawo da shaidar duktura, wato digirin dakta. Aka tsayar da walima ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Da la'asar suna zaune a rumfar tsakar gida, Hamisu ya gyara zama a kan angareb, gadon nan na saƙar igiya, ya ce, "To, ya duktura, shekara biyar ɗin nan me kike yi a can?"

"Ina ɓare dutse da salatif, Kawu."

Zinariya ta ajiye butar shayi. "Ɓare dutse? Mu nan muna ta gaya wa mutane karatu kike yi."

Huda ta yi dariya, ta jawo faifan kisra, siririyar gurasar dawa, da ya rage daga abincin rana. "Akwai wasu ma'adinai, Inna, da Allah ya halitta su falle-falle kamar kisrar nan. In na manna salatif na ɗaga, sai wasu fallaye su biyo. In sake mannawa, in sake ɗagawa, har ya rage falle ɗaya tak, wanda kaurinsa bai wuce ƙwayar zarra uku ba. Abin mamakin shi ne, yana da kauri ba ya ba da wani haske. Da zarar ya koma falle ɗaya, in kika haska shi sai ya mayar miki da haske yana ƙyalli."

"Na san wannan," in ji Hamisu. "Ci gaba, in ji ko sun koya miki daidai."

"Idan haske ya bugi fallen, sai wani ɗan mitsitsin abu da ake kira elektaron ya zabura ya bar wurin zamansa. Wurin da ya bari ya zama gurbi. Amma gurbin ba ya ƙyale shi. Duk inda ya nufa gurbin na biye, suna jan juna. Su biyun a haɗe su ake ce wa eksiton. Ƙarshenta dai elektaron ya koma ya faɗa gurbinsa, faɗawar nan tasa ita ke fitar da haske."

"Ashe har a can akwai mai barin wurinsa ya tafi yawo sai an bi shi," in ji Zinariya, tana kallon mijinta.

Huda ta ɗauko rariya biyu daga madafi, ta ɗora ɗaya kan ɗaya, ta ɗaga su wajen rana, ta ɗan karkata ta saman. Nan take wani zane ya bayyana, manyan gidaje masu haske da duhu kamar na dara, waɗanda babu su a jikin kowace rariya in tana ita kaɗai.

"Bismillahi!" in ji Zinariya. "Daga ina wannan?"

"Daga murɗin. Haka ƙwayoyin zarra ke yi in na ɗora falle kan falle na murɗa kaɗan, daraja ɗaya ko biyu. Zanen yana da 'yan aljifai, sai eksiton su shiga su kwanta, kowa da gidansa kamar kaji a akurki. In na canza murɗin, tazarar aljifan ta canza, launin hasken ma ya canza. Wani lokaci elektaron na fallen sama, gurbinsa na fallen ƙasa, su daɗe suna leƙen juna kafin su haɗu. Wannan nake aunawa."

Hamisu ya murɗa shanab. "Girman abin naki kamar yaya?"

"Bai kai faɗin silin gashi ba, Kawu. Sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Kuma sai an sanyaya shi, sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba, sannan a haska shi da leza."

Hamisu ya lanƙwasa yatsunsa a ƙarƙashin jallabiya ɗaya bayan ɗaya: ɓarewa, ɗorawa, murɗawa, sanyayawa, haskawa. Biyar cif, daidai hannu guda. Maganar silin gashi kuwa tausayi ta ba shi.

Ranar Talata da hantsi ya isa wurin mai jabana, wato mai dafa gahawa, da ke bakin layin masu gyara. Can ya tarar da Osman, mai sayen riɗi, da Ɗantsoho mai aski, wanda shagonsa ke jikin nasa. Shekara talatin Ɗantsoho yana kallon shanab ɗin nan yadda akuya ke kallon ganyen da ke bayan shinge.

"Mabruk, barka da arziki, ya Usta!" in ji Ɗantsoho. "An ce 'yarku ta zama duktura. Yanzu gidan naku ya samu mai ilimi."

"Ya samu na biyu."

"Na farkon ya rasu ne ba mu ji ba?"

"Ya zol, bawan Allah, saurara. Abin da yarinyar nan ta yi shekara biyar tana haɗawa bai kai silin gashi ba. Da bakinta ta faɗa. Rowar ilimi aka yi mata a can. Ni nawa zai kai rabin rufin ɗaki. Ita daraja ɗaya take murɗawa saboda tsoro. Ni arba'in da biyar zan murɗa."

"Sai ya haifi me?" in ji Osman.

"Ƙanƙara. Tallajar Hajja Zinariya, firij ɗin nan nata, allunan sola biyu ke riƙe da ita, da ƙyar take daskarar da dandurma. In na tara eksiton a aljifansu, ranar Juma'a kowane gida a unguwarmu zai ɗauki ƙanƙara kamar bulo."

"Wane ne kuma eksiton? Ɗan garin Hawata ne?"

"Ba zan iya sa maka karatun shekara biyar a finjalin jabana ba, ya Osman. Kai dai ara mini manyan rariyoyinka biyu na tankaɗe riɗi."

Ɗantsoho ya kurɓi jabana a hankali. "In ba ta yi ba fa?"

"Za ta yi."

"Na ji. In ba ta yi ba?"

Hamisu ya ɗaga hannu ya kama ɓangaren dama na shanab da yatsu biyu. "In ba ta yi ba, ka aske wannan a gaban baƙi."

Mai jabana ta daina fifita garwashi. A Gadarif namiji in ya kama shanab ya yi magana, maganar ta zauna, ko alƙali ba ya tashe ta.

"Ku shaida," in ji Ɗantsoho.

"Mun shaida," in ji kowa, har da wani mai amalanke da bai san a kan me ake magana ba.

Ɗantsoho bai ƙarasa jabanarsa ba. Ya tafi shago ya ɗauko fatar wasa aska.

Ranar Laraba Zinariya da Huda suka shirya tafiya garin Doka don ɗauko kakar Huda da sauran dangi, za su dawo Juma'a kafin azahar. Abincin walima an bar shi a hannun maƙwabciya Ma'u. Abin da Zinariya ba ta bar wa kowa ba shi ne dandurma. Kwana huɗu ta yi tana ɗura ruwan karkade, wato zoɓo, da na kuka da na tsamiya a 'yan ledoji, tana ƙullewa, tana jerawa a tallaja, har guda ɗari shida. Watan Afrilu ne, lokacin da ƙasar Gadarif ke tsattsagewa don zafi, kuma ta riga ta gaya wa matan unguwa babu baƙon da zai tashi bai tsotsi sanyi ba.

A bakin ƙofa ta tsaya. "Bashmuhandis, dubi idona."

"Ga shi ina duba."

"Kar ka taɓa tallajar nan."

"Wallahi hannuna ba zai taɓa ta ba, ya Hajja."

Ta ƙara dubansa, don rantsuwar ta zo da sauri fiye da yadda ta saba. Amma mota na jira.

Ranar Alhamis da sassafe Hamisu ya kafa tsani ya hau rufin kwanon ɗakin ajiya, inda allunan biyu ke kwance gefe da gefe. Ya zo da salatif mai faɗi na ɗaure kwali, naɗi takwas. A cikin ɗakin akwai akwatin da ke nuna ƙarfin wutar da ke shigowa. Ya duba kafin ya hau, ɗari uku.

Ya fara da ɓarewa. Ya manna, ya ɗaga. Ƙura ta biyo. Ya manna, ya ɗaga. Kashin tantabaru na shekara biyu ya biyo. Awa biyu yana yi, har gilashin ya fito tas. Ya sauko ya leƙa akwatin: ɗari uku da tamanin.

Ya fito ƙofar gida yana kiran shaidu, sai ya tarar da shaida ya riga ya zo da kansa. Ɗantsoho ne zaune a gindin darbejiya, ya rataya fatarsa a reshe, yana wasa aska, shaf, shaf, shaf.

"Shagon naka fa?"

"Na rufe. Ina da babban aiki gobe, ina so in huta."

"To huta da kyau. Falle ɗaya kawai na ɓare, wuta ta ƙaru da tamanin."

"Tamam. Ni ma falle ɗaya zan ɓare."

Sai ɗorawa. Kusoshin allo na biyu sun yi tsatsa, sun zama abu ɗaya da rufin. Hamisu ya sa ƙarfe ya ɗana, ya taka, ya yi kabbara. Allon ya taso, fallen kwanon da ke ƙarƙashinsa ma ya taso tare da shi. Rufin ya buɗe baki, faɗin da mutum zai wuce ba tare da ya tsuke ciki ba. Hamisu ya leƙa, ya hango murfin tallaja a ƙasa. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a kan ramin, ya danne kusurwoyinta da duwatsu.

"Bayan walima," ya ce wa tabarmar.

Ya ja allon da wayoyinsa ya ɗora kan ɗan'uwansa, ya murɗa shi har kusurwoyi suka fito kamar tauraro. Ya sauko. Ɗari da casa'in.

Osman ya iso a lokacin da amalanken jaki, ɗauke da rariyoyi biyu masu faɗin ƙofa. Ya leƙa akwatin, ya leƙa rufin.

"Ya Usta, ni ban yi makaranta ba. Amma na sama ya tare wa na ƙasa rana."

"Shi ya sa ka ce ba ka yi makaranta ba."

"Lambar ta ragu."

"Ta shiga aljihu ne. Kaza in ta shiga akurki kana ganinta a tsakar gida? Amma ta ɓata?"

Osman ya yi tunani. "Ba ta ɓata ba."

"To miƙo rariya."

Aka ɗora rariya kan alluna, aka ɗora ta biyu kan ta farko, Hamisu ya murɗa. Zanen nan na dara ya fito, manya-manya, yana motsi in mutum ya motsa kai. Osman ya ja da baya yana salati. Hamisu ya buga ƙirji.

"Ka gani? Aljifan ke nan. Na Huda sai da madubi. Nawa ko daga garin Gadambaliya ka tsaya za ka hango."

Akwatin ya nuna casa'in.

Don kada iska ta gyara murɗin, ya naɗe komai da sauran salatif, ta sama, ta ƙasa, ta gefe, har igiyoyinsa na reto ko'ina kamar gidan gizo-gizo. Abin da bai duba ba shi ne riɗin da ya maƙale a kusurwoyin rariyoyin. Kafin la'asar tantabara ɗaya ta sauka, ta ɗanɗana, ta tafi ta ba da labari.

Ma'u ta leƙo ta kan katanga da ludayi a hannu. "Usta! Tantabaruna duka sun ƙaura rufinka!"

"Dabba tana gane ilimi, ya Ma'u."

"In ɗaya ta manne a wannan tarkon naka, kai za ka zauna a kan ƙwanta!"

Talatin, in ji akwatin.

Ranar Juma'a da hantsi Hamisu ya shiga ɗakin ajiya, ya ji shiru. Tallajar da shekara biyu ba ta daina guna-guni ba ta yi gum. Ya kama shanab da hannu biyu, kamar mai tabbatar da yana nan. Sannan ya lanƙwasa yatsu: ɓarewa, ɗorawa, murɗawa. Ya tsaya a na huɗu, fuskarsa ta washe.

"Sanyi! Ashe zafi ne ya hana su fitowa!"

Sanyin da ke gidan duka yana cikin tallaja, shi kuma ya rantse hannunsa ba zai taɓa ta ba. Ya zagaya ta sau biyu. Sai ya tafi madafi ya ɗauko muciya, ya zura ta ƙarƙashin murfin, ya ɗaga, ya tokare. Ya kwashe dandurmar da kwanon awo, yana lura kada ko ɗan yatsa ya gogi gefe. Sahu goma sha huɗu ya yi a kan tsani da bokiti. Ya jera su a kan rariyoyin da tsari, karkade a dama, kuka a hagu, tsamiya a tsakiya, har babu inda rana za ta leƙa.

Ya sauko. Sifiri.

Ɗantsoho ya shigo har ƙofar ɗakin yana leƙe. "Nawa yau?"

"Sifiri. Daga nan kowane lissafi ke farawa. Saura haskawa kawai. Ara mini babban madubinka."

"Da ma na zo da shi. Ai ko ba ka tambaya ba za ka buƙace shi."

Suka tafi masallaci tare, Ɗantsoho na riƙe da hannunsa duk hanya kamar wanda ke tsoron kada a sace masa rago.

Motar Doka ta yi faci a hanya, don haka baƙi suka riga masu gida isowa. Bayan sallah maza suka cika rumfar da aka kafa jikin ɗakin ajiya, mata suka cika gidan Ma'u har suka malalo. Labarin ƙanƙara ya riga ya zagaya. Wasu sun zo da buhu, wasu da baho, wani tsoho ya zo da baro. Aka ci, aka sha ruwan randa, aka fara fifita da murfin kwano.

Osman na zaune daidai bakin rufin da sabon rawani fari. Wani abu ya ɗiga masa, ɗis. Ya shafa, ya duba hannu, ya miƙe tsaye.

"Jini! Jama'a, an yanka wani a sama!"

Tsohon mai baro ya dangwala yatsa a rawanin, ya lasa. "Karkade ne. Sukarin ma ya ji."

Tantabaru ne suka gama da riɗi, suka koma kan ledoji. Abin da rana ta narkar, su suka huda. Ja ya biyo kwarin kwano ɗaya, fari ya biyo na kusa da shi, ruwan tsamiya ya biyo na uku. Masu baho suka dubi juna, suka tara bahonsu.

Hamisu ya hau tsani da madubi a hammata. Ya tsaya a kan rufin, ya gyara rawani, ya murɗa dama, ya murɗa hagu.

"Ya jama'a! Abin da kuke gani yana zuba gumin eksiton ne. Sun cika aljifai, suna neman hanyar fita. Yanzu zan haska su. Masu ƙananan yara su riƙe su, kada sanyi ya kama su."

Ya ɗaga madubin. Hasken bai sauka kan alluna ba. Ya sauka a idon sahun farko, suka kwanta. Ya juya shi, ya sauka a sahun mata, aka yi masa addu'o'in da ba na alheri ba. Ya ƙara juyawa, ya sauka tsakiyar idon jakin Osman, wanda ke ɗaure da amalankensa a gindin katanga. Jakin ya yi kuka ɗaya, ya zabura, amalanken ya ɗebi ƙafar tsani ya fita da shi titi.

"Jakina!" in ji Osman.

"Madubina!" in ji Ɗantsoho. "Riƙe da kyau, ya Usta, ban gama da shi ba!"

Sannan ƙudan zuma suka iso. Sukarin buhu guda ne shanye a rana. Ba su zo da wasa ba. Suka kori tantabaru, tantabaru suka tashi gaba ɗaya ta fuskar Hamisu, guda biyu na jan igiyar salatif a ƙafa. Ya fara kaɗa madubi kamar mai fifita, yana tsalle daga ƙafa zuwa ƙafa, jallabiyarsa na kwasar salatif ta ko'ina.

A daidai nan motar Doka ta tsaya a ƙofar gida.

Zinariya ta shigo tana riƙe da hannun tsohuwa, Huda na biye. Ta ga mata da baho cike da jan ruwa. Ta saki tsohuwar, ta nufi ɗakin ajiya. Ta ga tallaja a buɗe, muciya a tokare, ciki wayam. Ta fito tsakar gida, ta ɗaga kai. Ba ta ɗaga murya sosai ba.

"Bashmuhandis."

Ƙudan zuma ba su sa Hamisu ja da baya ba, amma wannan kalmar ta sa. Taku ɗaya, taku biyu, na uku a kan tabarma.

Tabarmar ta karɓe shi da ladabi, ta lanƙwashe, ta wuce da shi. Aka ji wuf, aka ji gwaram, aka ji murfi ya rufe, tim.

Jama'a suka ruga ƙofar ɗakin. Ɗakin ajiyar nan ba shi da taga, tun da aka gina shi rana ba ta taɓa shigarsa ba. Yanzu ga wani ginshiƙin haske ya sauko daga ramin rufin, fari tas, ƙura na rawa a cikinsa, ya tsaya daidai kan tallaja. Daga ƙarƙashin murfin ƙafafu biyu ne a waje, ɗaya da takalmi.

Huda ta dubi ramin, ta dubi hasken, ta dubi ƙafafun. Ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinta.

"Kawu, wannan kam daidai ka yi shi. Ka bar gurbi, ya yi ta jiranka, ka dawo ka faɗa ciki, ga haske ya fito."

Aka zaro shi. Babu abin da ya karye, har madubin ya tsira a ƙirjinsa. Sai dai salatif ya naɗe shi daga kunne zuwa kunne, falle mai faɗi ya kwanta sosai a ɓangaren hagu na shanab, ya rufe baki.

"Mmm," in ji Hamisu. "Mmm-mmm."

"Yana cewa hannunsa bai taɓa ba," in ji Ɗantsoho. "Gaskiya ne. Duk jikinsa ya taɓa, ban da hannun."

Zinariya ta matso, ta kama bakin salatif ɗin da yatsu biyu. "Huda, yaya kika ce kike yi? A manna, sai me?"

"Sai a ɗaga, Inna. Amma a hankali ake..."

Tsaat!

Ƙarar da Hamisu ya yi ta sa jakin Osman ya amsa daga titi. Zinariya ta ɗaga salatif ɗin sama, rabin shekara talatin da ɗaya na kwance a jikinsa, har da murɗinsa.

"Haba, ya Hajja!" in ji Ɗantsoho. "Kwana uku ina wasa aska, kin cinye mini rabin aiki!"

Aka fito da kujera tsakiyar rumfa. Hamisu ya gwada hanyoyin tsira.

"Ai da safe akwai ƙanƙara."

"Ta Hajja ce," in ji Osman, yana matse rawani.

"Ban ce wace Juma'a ba."

"Ka kama shanab ka ce a gaban baƙi," in ji tsohon mai baro. "Ga baƙi. Ga baro kuma, ban ga bulo ba."

"To a bar mini na daman. Rabi ya riga ya biya."

"Ya zol, dubi madubi," in ji Ɗantsoho. "Yanzu taimakonka zan yi."

Zinariya ce ta riƙe madubin.

Yayin da ake shafa sabulu, Huda ta sa aka dawo da tsani, aka yi wa ƙudan zuma hayaƙi. Ita da Osman suka sauko da rariyoyi, suka wanke allunan, suka kwantar da su gefe da gefe suna kallon rana. Daga ɗakin ajiya aka ji tallaja ta yi tari, ta ci gaba da guna-guninta.

"Ɗari huɗu!" Huda ta faɗa daga ƙofa. "Inna ta ce bai taɓa kaiwa haka ba."

Hamisu ya zabura a ƙarƙashin aska. "Kun ji? Ɓarewar da na yi ce!"

"Wankewa ce, Kawu. Ƙura ce ta tare su."

"Tunda ka iya, kowace Alhamis za ka hau," in ji Zinariya. "Da tsumma. Zauna daidai, kar ya haɗa da hanci."

Ledojin da tantabaru ba su huda ba aka raba wa baƙi, masu ɗumi kamar shayin da aka manta. Kakar Huda ta ciji kusurwar tata, ta tsotsa, ta gyaɗa kai.

"Wannan ne karatun da yarinyar ta yo? Allah ya yi albarka. Shekara goma ke nan haƙorana ba su bar ni na sha dandurma ba sai yau."

Ɗantsoho ya yi jan ƙarshe, ya goge askar a gwiwa, ya ja da baya kamar mai kallon gonarsa bayan girbi. Fatar da ke ƙarƙashin hancin Hamisu shekara talatin da ɗaya ba ta ga rana ba, kuma kowace safiya tana shan man riɗi. Ta fito fara sol, sumul. Ranar la'asar ta shigo ta gefen rumfa ta sauka a kanta, har sai da tsohuwar ta kare ido da mayafi.

Zinariya ta sauke madubin, ta daɗe tana kallo.

"Gaskiyar yarinyar nan," ta ce. "Yana da kauri babu abin da yake bayarwa. Da aka ɓare shi ya koma falle ɗaya, dubi yadda yake ƙyalli."

Hannun Hamisu ya tashi da kansa zai murɗa, ya kama iska ta dama, ya kama iska ta hagu. Ya karɓi madubin, ya karkata kai nan, ya karkata can. Hasken na bin sa.

"Ya duktura," ya ce, "rubuta wannan a littafinki. Amma sunana a sama."